Kun Sallami Maigadi, Kun Bar Masa Makulli

Da ku nake, injiniyoyin sadarwa na Khartum da Umdurman da Bahri, da ku shugabannin da kuke sa hannu a takardunsu. A wannan sana'a na yi furfura, a cikinku na tashi, don haka ba zan yi muku kara ba. Abin da kuke yi da na'urorin da kuka daina amfani da su sakaci ne, kuma waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su ne za su biya kuɗinsa.

Ku buɗe allon da kuke lura da na'urorin ma'aikatarku, ku ƙirga sunayen da ke kansa. Sannan ku tashi da ƙafarku ku shiga ɗakin na'urori, ku ƙirga akwatunan da za ku iya ɗora wa hannu. In lissafin biyu ya zo daidai, ku yafe mini, ba da ku nake ba. Amma tun da aka fara komowa gari na shiga ɗakuna da dama, kuma ban taɓa samun inda ya zo daidai ba. Kullum sunaye sun fi akwatuna yawa. Ina sauran? Sai a ce ai wannan ta ƙone, waccan an sace, ta ukun tun kafin yaƙi muka sauke ta. To, me sunanta yake yi a cikin ƙungiya? Sai shiru.

Bari in yi wa wanda ba sana'arsa ba ce bayani, tun da kuɗinsa da sunansa ne a ciki. Banki ko kamfanin waya ko jami'a ba ya ajiye na'ura guda ɗaya a ƙofar da bayanai ke shiga da fita. Biyu ake sawa, wani lokaci huɗu, a ɗaure su su zama ƙungiya ɗaya. Haka ake yi wa katangar tsaro mai tace masu shiga, haka ake yi wa rauta mai nuna hanya, haka ake yi wa na'urar da ke raba masu buɗe manhaja a kan sabobi don kada nauyi ya karya guda. Ɗaya tana aiki, 'yar'uwarta tana zaune tana saurare. Akwai waya tsakaninsu da muke kira bugun zuciya, ta nan kowace take shaida wa ɗayar cewa tana da rai. Da zarar bugun ya ɗauke, mai jiran gado ta ɗauki adireshin da duniya ta sani ta ci gaba da aiki, ɗan kasuwar da ke tura kuɗi daga Kasuwar Libiya bai ma san an yi canji ba. Don hakan ya yiwu, duk abin da aka rubuta wa ɗaya ana kwafa wa ɗayar: dokokin shiga, sunayen ma'aikata masu iko, kalmomin sirri, da makullan ɓoyayyar hanyar VPN da ke haɗa hedikwata da rassa da abokan hulɗa. Wato kowane akwati a ƙungiyar yana ɗauke da makullan gidan gaba ɗaya. Kuma kowane yana riƙe da satifiket ko kalmar sirri da ke gaya wa sauran cewa shi ɗan gida ne, a buɗe masa.

Wannan yardar ba ta mutuwa da kanta. Akwati yana iya ƙonewa ƙurmus, yana iya tsallake iyaka a bayan mota, yardar tana nan a rubuce tana jiransa, har sai wani ya zauna ya soke ta da hannunsa. Wannan sokewar ita ce aikin da kuka ƙi yi.

Na san yadda muka zo nan, domin da ni aka yi. Safiyar Asabar, 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi, harbi ya tashi tsakanin sojoji da dakarun RSF, kuma nan da nan ya mamaye tsakiyar gari, inda bankuna da ma'aikatu da cibiyoyin bayanai suke cunkushe tsakanin Mogran da fadar shugaban ƙasa da filin jirgi. Wanda ya rufe ofis ranar Alhamis da niyyar dawowa Lahadi bai sake ganin teburinsa ba sai bayan kusan shekara biyu. Babu wanda ya kashe na'ura bisa tsari. Tsarin kamfanin EBS, wanda ke haɗa bankunan ƙasar da juna, ya tsaya, tura kuɗi daga wannan banki zuwa wancan ya gagara. A farkon Fabrairun 2024 layukan Sudani da MTN suka ɗauke, Zain ta bi baya cikin 'yan kwanaki, ɓangarorin yaƙin suna ta ɗora wa juna laifi. Manhajar Bankak ta Bankin Khartum, wadda da ita 'yan gudun hijira ke aiko wa iyayensu kuɗin abinci, ta zama ba ta da amfani a hannun wanda ba shi da layi. Takaya, wuraren dafa abincin sadaka na unguwanni, da yawa suka sauke tukwane. A wannan watan ne kowa ya ga da idonsa cewa jijiyar ƙasar nan duka a gari ɗaya aka binne ta.

Sai aka ruga Bur Sudan, bakin Bahar Maliya, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka, aka kafa sababbin na'urori cikin gaggawa. Ban ga laifin gaggawar ba. Waɗanda suka kwana a gaban allo har layi ya dawo sun ceci rayuka, Allah ya saka musu. Amma ku gaya wa kanku gaskiya, da me kuka tayar da sababbin na'urorin? Da kwafin saitin tsofaffin, wanda wani ya fita da shi a filashi ko ya samu a imel ɗinsa. Kuka zuba shi yadda yake, da kalmomin sirrinsa da makullansa, domin ba lokacin kiran kowane reshe a sauya. Daga ranar makulli ɗaya ya zama yana wuri biyu: ɗaya a hannunku a Bur Sudan, ɗaya a cikin ginin da masu bindiga suke kwana a Khartum. Uzurin gaggawa ya ƙare tun ranar da layi ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ya biyo baya, wata da watanni, lalaci ne.

Bayan sojoji sun karɓe fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris ɗin 2025, filin jirgi kuma ranar 26, wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba ya kira ni in duba masa tsohon ɗakin na'urorinsa. Hawa na uku, ba wuta, muka hau da fitilar waya. An ɓalle ƙofar da ƙarfe. An ɗaga daɓen ƙasa an zare wayoyi tun daga tushe saboda tagullar ciki, an ƙwaƙule na'urorin sanyaya ɗaki, baturan ajiyar wuta ko ɗaya ba a bari ba. A kantar ƙarfen da katangun tsaro biyu suke, ta sama babu ita. Ramukan kusoshi huɗu kawai suka rage, da wani fili mai kusurwa huɗu da ƙurarsa ba ta kai ta sauran wurin kauri ba. Ta ƙasa tana nan, ƙurar guguwar habub ta shekara biyu ta toshe mata iska.

Akwai wani yaro da nake koya wa aiki, ɗan Hausawan Mayo, mai kaifin kai da zafin nama. Ina waje ina waya, ya goge ta, ya jona ta da janareta. Da na shigo na tarar da shi da waya shuɗiya a hannu, yana murmushi.

“Kawu, wannan da ranta, fitilarta ta kama. In haɗa ta da layin Bur Sudan?”

Na riƙe masa hannu. Na ce, “Ajiye wayar nan, ɗana. Zauna in nuna maka abin da ka kusa yi.”

Na'urar da ta yi barci tun Afrilun 2023 ba ta san an yi yaƙi ba. A saninta ita ce shugabar ƙungiya, kuma adireshin kamfanin nata ne. In ta farka ba ta ji bugun 'yar'uwarta ba, za ta ɗauka ta mutu, ta ɗaga murya ta ce ni ce mai ƙofa. Sarki biyu ke nan a gari ɗaya, rabin saƙo ya bi nan rabi ya bi can, ciniki ya tsaya ba wanda ya san dalili. In kuwa ta ji sababbin, kuma suka karɓe ta domin sunanta da shaidarta suna nan, abin ya fi muni. A na'urori irin su FortiGate, idan an kunna saitin da ke fifita lambar daraja, wadda lambarta ta fi girma tana dawowa take karɓe shugabanci, saitinta kuma shi ke hawa kan na sauran. Aikin shekara biyu zai goge cikin 'yan mintuna, ƙofofin da aka rufe su buɗe, ma'aikatan da aka sallama ikonsu ya dawo.

Da muka buɗe allon gudanarwa daga nesa, abin da na ji tsoro shi na gani. Ƙungiyar tana da sunaye huɗu, biyu kore, biyu ja. Wadda aka ɗauke daga kantar har ranar 'yar gida ce. Makullan VPN ɗin da ke cikinta su ne dai waɗanda kamfanin yake aiki da su da safiyar nan. Na je wurin manajan na ce, “Ustaz, na'urar da aka ɗauke, makullan gidan nan duka suna cikinta, kuma ba a sauya ko ɗaya ba.” Ya ce, “Bashmuhandis, masu neman tagulla ne, wa zai san abin da ke ciki? Abu yana tafiya, a bar kaza cikin gashinta, kada ka taɓa ya faɗi.”

Wannan amsar na ji ta daga bakuna da yawa, kuma ita ce ta fi ƙona mini rai. Gaskiya ne wanda ya kwance kusoshin bai san abin da ya ɗauka ba. Amma ba shi zai riƙe ta ba. Zai kai ta ɗaya daga kasuwannin kayan ganima da mutane suka laƙaba wa suna kasuwar Dagalo, wani ya saya da arha ya sayar wa dillali, dillali ya kai wa mai gyara, kuma mai gyara ya san inda ake soka wayar da ke buɗe cikinta. Hannu na uku ko na huɗu shi ne abin tsoro. A watan Afrilun 2023, watan da yaƙinmu ya fara, masu bincike na kamfanin tsaro na ESET suka bayyana abin da suka samu da suka sayi tsofaffin rautoci 18 na kamfanoni a kasuwar kayan hannu. Ɗaya ta zo a mace, biyu kuma tagwaye ne masu saiti ɗaya, irin ƙungiyar da nake magana a kai, aka ƙirga su a matsayin guda. Cikin 16 da suka rage, tara suna ɗauke da saitin masu su na dā, har da bayanan shiga VPN da abin da ya isa a gane kamfanin da taswirar cikinsa. Biyar kaɗai aka goge yadda ya kamata. Waɗannan kamfanoni ne da suka sauke kayansu cikin zaman lafiya, da ofis da takarda da lokaci. Ku da aka ɗauke naku da bakin bindiga, wa ya goge muku? Kuma duk wanda ya taɓa saita Cisco ya san kalmar sirrin da aka ajiye da tsohon salon nan mai lamba 7 ba ta ɗaukar minti ɗaya a warware ta.

Wasu kuma su ce mun gwada cirewa, tsarin ne ya ƙi. E, yana ƙi. Ka ce ya goge ƙungiya, ya ce akwai doka da ke ambaton ta. Ka cire dokar, ya ce akwai hanyar VPN da ke rataye da ita. Ka kwance wannan, ya ce ba zai saki na'urar ba sai ya yi magana da ita, ita kuwa tana can inda Allah kaɗai ya sani. Sai ka rufe allon ka ce bukra, sai gobe. Wannan ƙin da tsarin yake yi yana nuna maka ne wuraren da sunan mamaciyar yake da iko har yanzu, ɗaya bayan ɗaya. Kowane kamfanin da ke ƙera irin waɗannan na'urori ya rubuta yadda ake fitar da wadda ba ta amsawa. Karatun awa ɗaya ne. Injiniyan da ya iya ɗaura ƙungiya bai iya kwance ta ba, rabin sana'a ya koya.

Na kuma san tushen ɗabi'ar. Daga 1997 zuwa Oktoban 2017 muna ƙarƙashin takunkumin Amurka. Kayan Cisco da makamantansu ta hannun dillalai suke zuwa, ta Dubai ko wani wurin, sau da yawa ba tallafin kamfani, ba wanda za ka kira. Muka koyi ajiye matacciyar na'ura don mu ciri fanka ko gidan wutarta, muka koyi tsoron taɓa duk abin da ke aiki domin in ya faɗi ba mai tashe shi. Wannan tsoron ya yi mana rana a lokacinsa. Amma ajiye ƙarfe a sito daban, barin sunansa da ikonsa a cikin ƙungiya daban. Ka ajiye gawar don kayan gyara in kana so, bayan ka kwashe abin da ke cikinta ka soke shaidarta.

Ɓarnar ba ta tsaya ga ɓarawo ba. Sunaye biyu ja a kan allo kullum suna koya wa ido raina ja. Yaron da ke aikin dare ya saba ganinsu, an ce masa ya ƙyale su, ranar da na uku ya yi ja da gaske ba zai ɗaga kai ba. Akwai kuma lasisi. Na ga takardar sabunta lasisi da aka biya da dala tana ɗauke da lambar na'urar da ta riga ta zama toka, a ƙasar da dala ta tashi daga wajen fam 600 kafin yaƙi ta haura 2,000 a cikin 2024, a kamfanin da yake ce wa ma'aikata su yi haƙuri da rabin albashi. Ga kuma mutane. Abokan aikinmu nawa ne yanzu suke Alkahira da Riyad da Dubai da Kampala, sun kama wani aikin, asusunsu na shiga kuwa yana nan a buɗe? Ba amanarsu nake tuhuma ba. Wayoyi nawa aka ƙwace a shingayen bincike, da kalmomin sirri a cikin saƙonnin WhatsApp da muka riƙa tura wa juna a watannin farko? A watan Mayun 2021 kamfanin bututun mai na Colonial a Amurka ya rufe bututunsa na kwanaki, ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4, kuma ƙofar da aka shiga masa asusun VPN ne da aka daina amfani da shi ba a rufe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa namu bangon mun san inda ya tsage, muna kallo.

A kamfanin nan da ya kira ni, na ƙi tafiya sai da manajan ya ba mu dare huɗu. Muka fara da tabbatar da cewa babu saƙon da ke bi ta tsofaffin. Muka fitar da su daga kwafar saiti, muka fitar da su daga da'irar yarda, muka soke satifiket ɗinsu, sannan ƙungiyar ta yarda ta gogu. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne sauya duk wani sirri da na'urar da ta ɓace ta taɓa riƙewa. Muka riƙa kiran rassa da abokan hulɗa ɗaya-ɗaya, a tsayar da lokaci, a sauya makulli daga ɓangarorin biyu a tare. Akwai abokin hulɗa guda da ba mu samu kowa a ɓangarensa ba, muka rufe hanyarsa ɗungurungum har sai ya neme mu. Manajan ya yi faɗa, na ce ya yi. Muka bi rajistar sunaye ta DNS muka share abin da ke nuni ga adireshin da ba kowa, muka rubuta wa abokan hulɗa su cire tsofaffin adireshinmu daga jerin waɗanda suke buɗe wa ƙofa. Ita kuwa wadda muka tarar a kantar, ba mu yarda da ita ba don mun same ta a inda muka bar ta. Shekara biyu tana ɗaki ɗaya da baƙi, ba mu san wanda ya taɓa ta ba. Muka cire ma'ajiyar bayananta, yaron nan ya farfasa ta da guduma a gabana, muka rubuta lambarta da ranar a littafi, ni da manajan muka sa hannu. Ƙa'idar NIST 800-88 da ake bi a duniya ta ba da matakai uku, gogewa da tsarkakewa da lalatawa, kuma abin da ya kwana a hannun da ba ka sani ba na ukun ne ya dace da shi. Duk aikin nan bai ci dala ko ɗaya ba, man janareta da shayi kawai ya ci.

Ku shugabanni, kada ku ɗauka wannan matsalar yaran ɗakin na'urori ce. Bankin Morgan Stanley ya ba kamfanin kwasar kaya da bai san aikin lalata bayanai ba kwangilar kwashe cibiyoyin bayanansa biyu a 2016, na'urorin suka ƙare a gwanjon intanet da bayanan abokan hulɗa a ciki. Hukumomin Amurka ba direban mota suka kama ba. Bankin suka ci tarar dala miliyan 60 a 2020, suka ƙara masa miliyan 35 a 2022. Mu a nan, tun da aka fara canjin takardun kuɗi a Disamban 2024 aka tura mutane buɗe asusu, mai shayi a bakin titin Umdurman da mai tura baro da tsohuwar da ɗanta ke aiko mata daga Jidda duk sun shigo bayan katangun nan naku. Ba su zaɓe ku ba, ba su da wata ƙofar. Ina kira ga Babban Bankin Sudan da hukumar da ke kula da sadarwa su nemi kowane banki da kowane kamfani ya kawo jerin na'urorin da ya rasa tun Afrilun 2023, da shaidar cewa an soke yardarsu an sauya makullan da suka riƙe, kafin a bar shi ya sake kunna komai a Khartum.

'Yan'uwanmu na Kano da Zariya da Maraɗi, kada ku karanta wannan kamar labarin wata duniya. Ranar 1 ga Agustan 2024, cikin yini ɗaya, aka wawashe cibiyar fasahar zamani ta hukumar NCC a Kano. Ba sai an yi yaƙin shekara biyu kaya suke fita daga hannun mai su ba. Wanda kuma ya sauke tsohuwar rautar ofishinsa ya ba yaro ya kai Titin Beirut ya sayar, ya tambayi kansa abin da ya tafi a cikinta.

Na'urar da aka kwance daga hawa na ukun nan har yau ba mu san hannun da take ba. Abin da muka sani shi ne babu sauran ƙofar da makullin cikinta zai buɗe. Ku je ku ƙirga naku, sunaye da akwatuna, ku ɗora wa mutum ɗaya alhakin kowane suna da ba shi da akwati, ku sa masa rana a cikin makon nan.